Wuya Uku

Awa biyu da rabi daga Amarillo zuwa Guymon,
alkama hagu, alkama dama,
dala dubu biyu da ɗari huɗu a ambulan ƙarƙashin cinyata,
ladan kwanan asibiti na wata biyu
da ban faɗa wa mijina ba.

Orval Tackett ya tarye ni a bakin gareji,
dogon tsoho, wando ya yi masa yawa.
Bai miƙo hannu ba. Sai daga baya na lura
hannun ne ya daina tsayawa wuri ɗaya.

Mu biyu muka jawo akwatin, nauyin buhun siminti.
Murfi na ɗagawa wari ya taso,
tsohuwar taba, man inji, raɓar shekara sittin.
Ga ta kwance:
jita mai wuya uku, jere kamar matakala,
kowane wuya tsirkiya takwas,
farin fentin ya koma launin tsohon haƙori,
a gefe tabon sigarin da aka ajiye aka manta
don kiɗa ya yi daɗi.

Ƙafa huɗu ake murɗa mata, ta tsaya kamar tebur.
Uku nata ne.
Ta huɗun bututun famfo ce.
Ya ce ta asalin ta ɓace a wani gidan rawa a Kansas
daren da aka ba hammata iska.
Ban tambayi a kan wa ta sauka ba.

Wuyan farko, ya ce, na daren Asabar ne.
Na tsakiya na coci da jana'iza
da mashaya in sun fara kuka.
Na ce na ukun fa?
Ya ce taɓa ki ji.

Lasifika ta yi gunaguni kamar zuma a kogo.
Na ɗora sandar ƙarfe na ja,
sai sautin ya hau, ya rataye, ya zame ƙasa,
ɗaurin da babu shi a littafin da na haddace.
Na ce wannan ai a karkace yake.
Ya yi murmushi, bai ce uffan ba.

Can daga barandar gida wata murya ta taso,
Ooor-val, kofi zai huce!
Ta hau, ta rataye, ta zame ƙasa.
Tsigar jikina ta tashi.
Tsirkiyoyi takwas suka amsa da kansu,
ba wanda ya taɓa su.

Lurleen ta shigo da kofi uku a faranti,
gajeruwa, tabarau a goshi.
Na taya, ya ce albarka.
Na nuna tsatsa, na nuna ƙafar famfo, ya ce albarka.
Ta ce ya sallama.
Ɗauke min ita, Nadine, nan firiza za ta zauna.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu, takardun na rawa a hannunsa,
ya ce sharaɗi ɗaya:
kada ki gyara na ukun.

A-kori-kura ba ta san alkawari ba.
Ga ramuka, ga rana ta dafa akwati,
ko da na kafa ta a falo da magariba
na ukun ya saki, ya zama wayoyi kawai.
Na murɗa, na sassauta, na murɗa.
Mijina ya tsaya a ƙofa yana lissafi da ido.

Ƙarfe tara na buga waya.
Ita ta ɗauka.
Na ce ki yi haƙuri, ki kira min shi sau ɗaya.
Ta ce ai yana zaune kusa da ni.
Na ce na sani.

Ta yi tsaki, ta gyara murya.
Na manna wayar a kafaɗa,
na kama kunnen tsirkiya ta farko.